Dilon Nan Ba Na Awaki Ba Ne

Unguwar Lalle,
ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga ɗiyata Balkisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa ƙafar da za ki fita da ita gobe ta alheri ce. Allah ya tsare ki a hanyar Isa da ta Shinkafi har Kaduna, ya raba ki da mugun ji da mugun gani, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa aikin jinyar nan da kinka samu ya zame miki alherin duniya da lahira. Labarin gida ba za ni ba ki ba, da idonki kinka bar shi: damina biyu ba ta yi mana abin kirki ba, ga bazara ta kama da zafinta, rijiyar bakin masallaci sai da anka ƙara wa guga igiya.

In kina karanta wagga takarda, to kin kwance ƙullin kayan abincin nan. E, ni na mayar da shi. Sau biyu kina fitar da shi daga jakarki kina ajiyewa bayan randa, kina zaton ban gani ba. Yau da kinka tafi Burkusuma sallama da dangin babanki, na cusa shi can ƙasa ƙarƙashin zannuwanki, na sa takardar tsakanin daddawa da kuka. In tana wari, ki karanta ta da warinta. Rubutun kuma na ajin yaƙi da jahilci ne, kar in ji kin yi dariya.

Ba ƙullin kaɗai ya sa na ɗauki alƙalami ba. Ranar Asabar da ƙawarki Zainab ta zo daga Sakkwato, wadda kinka ce ɗaki ɗaya za ku zauna a Kaduna, ina ciki ina ninke kaya, kuna tsakar gida. Dilona na shanye kan tabarma, wato ƙwayar anza, ’ya’yan itacen dajin nan masu ɗaci, da na gama jiƙawa. Ta tsuguna ta ɗebi kaɗan a tafinta, ta ce, “Balki, wannan fa? Wake ne?” Da zuciya ɗaya yarinyar nan ta tambaya. Ke kuwa kinka yi ’yar dariya kinka ce, “Bar shi, na awaki ne.” Kinka ja ta ɗaki, kinka sawo taliya kinka dafa mata, ɗatun zogalen da na kwaɗa mana tun safe kuwa kinka kife shi da kwando.

Na awaki! Balkisu, da kunnuwana biyu na ji ki. Awakinmu uku ne, kuma ko ɗaya ba ta taɓa ɗanɗana dilona ba, ba ta kai ba. Raina ya ɓaci har sai da na zauna bakin gado. Ba raina girkin ne ya fi damuna ba, an raina shi kafin a haife ki, bai fasa dahuwa ba. Muryar ce ta ba ni tsoro, don tawa ce sak. Da ita na yi magana ina shekarunki, kuma ita ce sanadin da yayarki, ɗiyata ta fari, ba ta tare da mu yau. An gaya miki zazzaɓi ne. Ba zazzaɓi ba ne. Kwananta ne ya ƙare, wannan na sani, Allah ya ba mu, Allah ya karɓi abinsa. Amma sanadin ta hannuna ya biyo, kuma ba za ni bari ki shiga mota da wagga kunyar banza ba tare da kin san abin da take jawowa ba.

Kin san ni ’yar Isa ce. Mahaifina, kakanki Alhaji, yana kai atamfa da goro Maraɗi, ya dawo da dabino da kanwa. A gidanmu duk Juma’a shinkafa ake dafawa, har maƙwabta su samu. Da anka kawo ni gidan babanki, kuma ni na ce shi nike so, na zo da kwanonin samira jere da girman kan da ya fi kwanonin yawa. Na tarar da surukata, kakarki Tumba, Allah ya jiƙanta. Ba ki san ta sosai ba, kina rarrafe ta rasu. Gajeriya ce, baƙa, ba ta da yawan magana, amma babu ganyen da ke dajin nan da ba ta san sunansa da ranar cinsa ba.

Kai, matar nan ta iya bazara! Lokacin da zafi ke hana mutum kallon tuwo, ita ta san abin da ciki ke karɓa. Da safe kunun tsamiya. Rana in ta take, sai ta dama dawo, wato fura, da nonon Fulani da ruwan randa mai sanyi, mu zauna gindin darbejiya ƙwarya ɗaya, ludayi na zagayawa. Da la’asar ta farfasa hoce, wainar dawar nan mai tauri, ta kwaɗa da ƙuli da albasa da yaji, ko ta dafa zogale ta matse ta yi ɗatu. Duk wannan ina ci, ina ma ƙarawa, sai dai ina ci ina taɓe baki don a san ba da shi na tashi ba. Abin da na ƙi ko kallo shi ne anza. Ko shekarar da rumbu ke cike, Tumba sai ta shiga daji ta tsinko ’ya’yanta, ta shanya, ta sussuke, ta fidda ƙwayar. Ta ce, “A’i, taho ki ga yadda ake yi.” In ce kaina ke ciwo. Gobe ta sake kira, in ce ina wanki. Ran nan ta matsa, sai na ce, “Inna, mu a Isa dabbobi muke ba irin wanga.”

Ba ta ko ɗaga kai daga faifanta ba. Ta ce, “To, Allah shi sa ki mutu ba ki buƙace shi ba.”

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma na ɗauka wayewa ce. Don haka ki ji: a Kaduna za ki ga tukwanen da ba ki taɓa gani ba, na Yarbawa, na mutanen kudancin Zariya, na kowa. Kar ki toshe hanci ga abincin kowa. Duk wadda ta ce miki taho ki gani, ki je ki tsuguna ki gani, ki tambaya. Amma ki tsuguna a matsayin wadda ita ma ta bar tukunya a gidansu, tana da abin nunawa in an zo kanta.

Shekara biyar da aurena ruwa ya ɗauke. Daminar farko munka samu abin da bai kai rabin rumbu ba. Ta biyu gero ya fito ya kai gwiwa, ya tsaya nan, ya bushe a tsaye. Maza sunka watse neman abinci, babanki ya yi kudu cin rani, ya bar mu mu uku: ni, Tumba, da yayarki tana shekara huɗu. Da bazara ta shigo, geron da ya rage mana a duniya ɗan abin da ke cikin tulu ɗaya ne. Tumba ta rufe shi da faifai, ta ce, “Wanga na yarinya na. Tafi guda kullum, a yi mata kunu. Mu manya mu ci abin da daji ya ba mu.” Haka muke yi. Ita ke zuwa gulbi tana jiƙa anza, ita ke dafawa. Ni kuwa da na ce na dabbobi ne, sai in ɗauki rabona in shiga ɗaki in saki labule, in cinye tas in lashe kwano.

Ana nan, ranar kasuwa, Tumba ta tafi gulbi, sai ga sallamar Gwaggo Rabi, ƙanwar mahaifina. Alhaji ne ya aiko ta daga Isa ta dubo halin da nike ciki. Balkisu, da na ga mayafinta mai walƙiya a zaurenmu, hankalina ya gushe. Kwanon dilo na tsakar gida, na shure shi da ƙafa ƙarƙashin turmi. Na shimfiɗa mata tabarma, na zagaya na buɗe tulun nan. Ba tafi guda na ɗiba ba, juye shi na yi. Na surfa, na daka, rabi dawo, rabi tuwo. Na ba wata Bafulatana kwanon samira ɗaya ta ba ni ɗan nono. Kaza guda ta rage mana, na sa anka yanka. Yayarki na biye da ni tana tsalle, ta ɗauka Salla ce.

Gwaggo ta sha, ta ci, ta yi gyatsa, ta bar saura a kwano. Ta ce, “Alhamdu lillahi! Ashe ku nan fari bai taɓa ku ba. Yaya duk ya bi ya damu, har ya ware buhun dawa zai aiko miki. Bari in ce mishi ya ba gidan ’yar’uwarki Sa’a na Bafarawa, su ne ke cikin wahala.”

Kin san abin da na ce? Na yi murmushi na ce, “E, Gwaggo, a ba su, mu kam mun gode Allah.” Bakin nan nawa ne ya faɗi haka, cikina kuwa na kuka kamar an ɗaure akuya a ciki. Na raka ta har bakin mota ina ɗaga hannu.

Da Tumba ta dawo ta ga gashin kaza, ta wuce ta buɗe tulu. Ta zura hannu har kafaɗa, ta fito da shi fayau. Na jira zagi, wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Sai ta ce, “Baƙuwa ta ƙoshi?” Na ce ta ƙoshi. Ta ce, “To madalla. Gobe ki aika gidanku ki faɗa musu gaskiya.” Na ce za ni aika. Ban aika ba. Isa ba nisa gare ta ba, amma na ce da wane baki za ni roƙi dawa bayan na ciyar da Gwaggo kaza? Daga ranar yayarki ta koma cin abin da manya ke ci.

Kuskure na biyu ke nan. Taliyar da kinka dafa wa Zainab ita ce kazata, ba wani bambanci. Baƙo ya ci abin da gida ke ci. In kina da shi, ki yi mishi mai kyau iyakar ƙarfinki. In ba ki da shi, ki ajiye mishi abin da ke akwai, ki zauna ki ci tare da shi kanki a sama. Kar ki taɓa dafa ƙarya. Wanda ya ci ta zai tashi ya tafi da ita, ya gaya wa masu son taimakonki cewa ba ki buƙata. Kuma in ranar rashi ta zo miki a can, don tana zuwa wa mai albashi ma, ki buɗe baki ki ce kin rasa. Ba a taɓa kai kowa kushewa don ya ce yana jin yunwa ba.

Na uku shi ne wanda na daɗe ina zagayawa.

Anza guba gare ta, ke da kinka yi karatun asibiti kin fi ni sanin sunan abin. Mu dai ɗaci muke ce mishi. Ba ya fita sai da ruwa mai yawa da haƙuri: a tafasa ƙwayar, a tsiyaye, a jiƙa, kullum a zubar da ruwan jiya a zuba sabo, har kwana bakwai. A shekarar nan ruwan rijiya na sha ne kaɗai, shi ma da layi. Don haka mata ke ɗaukar tukwanensu su tafi gulbi, su tona yashi har ruwa ya tsattsafo, su jera tukwanen nan a bakin ramin, kowace ta san tata. Kowace safiya a koma a sake ruwa. Wurin kuwa daidai mashigin da motocin Isa ke tsayawa su zuba wa inji ruwa. Duk mai wucewa sai ya ga wadda ke tsugune.

Sai kurkunu ya kama Tumba a ƙafa, ta kumbura har ba ta iya takawa. Ta kira ni bakin ɗakinta ta ce, “A’i, yanzu ke ta. Ɗauki tukunya ki bi su Hure.” Hure maƙwabciyarmu ce, uwar su Lawali. “Kwana bakwai, ruwa sabo kullum. Ran na bakwai ki sa ga harshenki. In babu ɗaci, ki ci ke kaɗai, ki jira rana ta karkata, sannan ki ba yarinya. Kin jiya?” Na ce na ji.

Na ji, amma na ce ɗiyar Alhaji ba za ta tsuguna gaban direbobin Isa tana wankin anza ba. Na tafasa ta, na kai tukunyar bayan ɗakina na rufe da tsohuwar tabarma. Da safe in yafa mayafi in fita kamar na tafi gulbi, in zagaya in dawo. Ruwan da na iya ragewa daga na sha bai fi ƙwarya ba, sau biyu kaɗai na sake shi. Rana ta uku sauran dilon Tumba ya ƙare ƙaƙaf, gidan babu ko ƙwaya. Yayarki ta zo ta riƙe zanena. Tumba take kira Inna, ni da sunana take kirana. Ta ce, “A’i, cikina.”

Na buɗe tukunyar na sa a harshe. Da ɗaci. Ba za ni yi miki ƙarya ba, na ji shi sarai. Sai na ce ai ya ragu. Na dafa, na zuba kanwa, na daka ƙuli da yaji da gishiri na yi ta zubawa har ɗacin ya ɓuya. Ban ci na jira ba. Na ma haɗa mata da rabona, ina ganin ni uwa ce mai tausayi. Ta zauna inuwar rumbu ta cinye tana ɓata fuska, don yunwa ba ta bar ta ta ƙi ba. Sannan na kai wa Tumba nata. Ta sa ƙwaya ɗaya a baki, ta tofar, ta dube ni ta ce, “Wanga kwana nawa?” Ba ta jira amsata ba. Ta ce, “Ina yarinya?”

Tsohuwar nan da ba ta iya tsayuwa, da rarrafe ta fito tsakar gida tana jan ƙafa cikin rana. Ta sa mata yatsa a maƙogwaro, ta ɗura mata ruwan tsamiya, ta aika Hure neman nono har rugar da ke bayan gari. Amma jikin da ya yi wata yana rama ba shi da abin riƙewa. Amai da zawo sunka sa ta gaba, mota kuwa sai ranar kasuwa. Washegari bayan azahar ta cika, a kan cinyar Tumba. Ni ina tsaye bakin ƙofa. Ɗiyar fari ce, ka’ida ba na ɗaukar ta gaban surukata, ba na kiran sunanta, “ke” nike ce mata. Har ta tafi ban kira shi ba.

Tumba ta ce wa masu gaisuwa zazzaɓi ne. Ita da Hure kaɗai sunka sani, kuma sun tafi da shi kabari. Babanki da bakina na gaya mishi da ya dawo, ya yi kwana biyu bai ci abincina ba, ran na uku ya ce in kawo. Ba mu sake tayar da zancen ba sai jiya, da na ce mishi za ni rubuta miki, ya ce in rubuta.

Ki saurara da kyau a nan, don nan ne nike tsoron ki karkace. Kar ki ce anza ta kashe yayarki. Anzar nan ita ta riƙe Unguwar Lalle kaf a shekarar, yara da tsofaffi, duk gidan da anka yi mata kwana bakwai ba wanda ta taɓa. Abin da ya same mu, na ji kunyar a gan ni ina aikin da zai ciyar da ɗiyata. Shi ke nan, ba wani abu bayan wannan. Ke yanzu rayukan mutane za a sa a hannunki. In anka ce abu kwana bakwai ne, ko sau uku ne, ko a tafasa ne, ki cika shi ko duniya na kallo tana dariya. In ba ki iya ba, ki ce ba ki iya ba, ki je inda masu iyawa suke ki tsuguna.

Washegarin sadakar uku na ɗauki tukunya na aza a ka. Ban bi bayan gari ba, ta tsakiyar kasuwa na bi, rana tsaka. Da na isa gulbi, Hure ta matsa ta ba ni wuri kusa da raminta. Ga motar Isa tsaye a mashigi. Wani mutum daga saman motar ya leƙo ya ce, “Kai, wagga ba ɗiyar Alhaji ba ce?”

Na miƙe tsaye, ruwan ɗaci na zuba daga hannuna, na ce, “Ita ce! Anza nike jiƙawa. Ka gaya mishi haka, ka kuma ce mishi ba mu da hatsi.”

Ba wanda ya yi dariya. Sama ba ta faɗo ba. Kasuwa mai zuwa sai ga buhun dawa an sauke ƙofar gidanmu, da saƙon Alhaji cewa don mi ban faɗa tun farko ba. Na zauna kan buhun nan na yi kukan da ban yi ranar jana’iza ba. Maganar da ba ta fi numfashi biyu ba, da na faɗe ta wata ɗaya kafin nan, da yanzu kina da yaya mace da za ta raka ki tasha.

Tun daga shekarar ban taɓa barin bazara ta wuce ban jiƙa anza ba, ko rumbu na tumbatsa. Na san ana ce mana gidan masu dilo, na san tun kina firamare abin ke cin ranki. Oho dai! Su faɗa da ƙarfi. Bana da sama ta sake ƙi, je ki ga masu sallama a zaurenmu da safe: amaren nan masu jan baki da ke toshe hanci in sun wuce shanyata, su ne ke zuwa da tukwanensu, “Inna A’i, a nuna mana.” Ina nuna musu kuwa, bayan na ɗan ja musu rai. Kowace sai ta ƙirga mini kwana bakwai da yatsunta kafin ta fita, kuma sai na gaya mata ta ci ta jira. Yayanki Sani da ke, da wanga abinci na yi goyonku a shekarun da ba su da kyau. Ƙashin da za ki tsaya da shi cikin farin kaya, da shi anka gina shi. Ban roƙi kowa gafara a kan tukunyata ba, ba kuma za ni fara da ke ba.

Ga abin da ke cikin ƙullin. Akwai kuka da busasshiyar kuɓewa. Akwai daddawar batso, kar ki cika ta, ɗan gutsure ya isa tukunya. Akwai zogalen da na shanya a inuwa, da ƙuli, da yajin da kike so mai citta. Akwai tsamiya da garin gero, ranar da zafi ya hana ki cin abinci ki dama kunu, kar ki zauna da lemon kwalba a ciki ki ce kin karya. Hocen ba ya lalacewa, ki yayyafa mishi ruwa ya yi laushi kafin ki kwaɗa. Taliya ma ki ci abinki, ni ba gaba nike da ita ba. Sauran wadda kinka dafa ranar Asabar ni na cinye, gishiri bai ji ba.

A can ƙasa cikin farin ƙyalle, dilo ne. Ya yi kwanansa bakwai cif, na ci daga cikinsa na jira, sannan na shanya. Ki jiƙa shi ya kumbura, ki dafa har ya yi laushi, ki tsane, ki sa ƙuli da albasa da yaji da ɗan man gyaɗa. Ranar hutunki ta farko nike so ki dafa shi. Ki bar ƙofar ɗaki a buɗe. Zainab za ki fara zuba wa, ki dube ta ki ce, “Ranar nan ƙarya na yi miki. Ba na awaki ba ne, namu ne, da shi anka raine ni.” In ta ci ta ce bai yi mata ba, ba laifi, baki kowa da nasa. In ta tambaye ki yadda ake yi, ki gaya mata duka, har da abin da ke faruwa in an gajarta.

In kuwa kin duba zuciyarki kin ga ba za ki iya ba, kar ki zubar mini da shi a bolar Kaduna. Ki ɗaure shi yadda kinka same shi, ki ba direban Sabon Birni ya dawo mini da abina, akwai masu jiransa a nan. Ba za ni yi fushi ba, za ni dai gane amsarki. Duk ranar kasuwa za ni aika a duba tasha, ina roƙon Allah a dawo hannu wofi.

Allah ya kai ki lafiya, ya zaunar da ke lafiya, ya tsare miki mutuncinki da imaninki. Allah ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga duk wanda kinka taɓa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa ki tsufa ba ki buƙaci anza don dole ba, ki ci ta don kin ga dama. Allah ya jiƙan Tumba da Hure, ya haskaka kabarinsu. Ita kuma yayarki, Allah ya sa mai ceto ce. Sunanta Hajaru. Ga shi na rubuta, karo na farko tun da na haife ta, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Wassalam. Ni ce innarki,
A’i.